Layin Dogo a Lambun Maƙwabcina

Hoton farko da maƙwabcina ya nuna mini ya ruɗe ni. Ta saman shingen katakon da ya raba lambunsa da namu ya miƙo mini shi, wata ranar Asabar da yamma, a shekarata ta biyu a arewacin Ingila. Wani koren kan jirgin ƙasa ne yana fitowa daga ƙarƙashin gadar dutse, tururi na tashi daga bututunsa, gansakuka ta lulluɓe jikin gadar, can baya kuma itatuwa sun yi duhu. Na tambaye shi a wane gari ya ɗauka, ina zaton zai ce wani ƙauye ne a tsaunukan Wales. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna mini wani wuri da sandarsa, kusa da ƙafarsa. Ga gadar nan. Tsayinta bai kai gwiwata ba.

Mutanen nan ba su ɗauki kiran tsoho da sunansa a bakin komai ba, amma ni bakina ya ƙi. Na ce masa Baba zan riƙa kiransa, ya tambayi ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya ce ya karɓa. A ranar ce kuma ya tambaye ni garinmu. Da na ce Zariya, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ƙafa biyu da inci shida." Ban gane ba. Ashe wani siririn layin dogo yake nufi, wanda Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukur domin kwasar kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Sunan Bauchi aka ba layin, ko da yake bai taɓa isa garin Bauchi ba. Kakana ma'aikacin reluwe ne, a gidan da ake hirar jirgi na tashi, amma sai a bakin wani tsohon Bature mai gyaran bututun ruwa da ya yi ritaya na fara jin faɗin wannan layi. Kunyar da na ji a ranar ce ta sa na zagaya na shiga lambun.

Abu biyu ne mai shiga wannan harka zai fara rarrabewa, kuma na daɗe ina cakuɗa su. Akwai ma'aunin ƙanƙantawa, wato sau nawa aka rage girman abin gaskiya. Akwai kuma faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. A lambun Baba kowace ƙafa ɗaya ta duniyar gaske ta koma milimita 16, kusan kashi ɗaya cikin 19 ke nan, layin kuma faɗinsa milimita 32, wanda ya yi daidai da siraran layukan ƙafa biyu da suka riƙa sauko da dutsen rufi daga tsaunukan Wales. Wasu masu lambun sun fi son layi mai milimita 45, irin wanda kamfanin LGB na Jamus ya fito da shi a 1968. Kawunan jiragen Baba ba lantarki ke tuƙa su ba. Ruwa yake zubawa a 'yar tukunya, ya cika wani ɗan tanki da iskar gas, ya ɗiga mai, ya kunna wuta, ya jira ruwan ya tafasa. Cikawa ɗaya tana kai shi kusan rabin awa. Wanda ya kama tukunyar da hannu zai ƙone, kuma na gwada.

Na cikin ɗaki sun fi ƙanƙanta. A Birtaniya mafi yaɗuwa shi ne wanda suke kira OO, ɗaya cikin 76, a kan layi mai milimita 16.5. Amurka da sauran Turai suna amfani da wannan layin, amma ma'auninsu ɗaya cikin 87 ne, suna kiransa HO. Ƙasa da su akwai N mai milimita 9, sai Z da kamfanin Märklin ya fitar a 1972, ɗaya cikin 220, wanda kan jirginsa zai kwanta a kan yatsa.

To, me ya kawo hoto cikin wannan? Amsar tana cikin nauyin abin. Layin lambu a kan siminti da bulo yake, ba ya ɗaguwa. Na cikin gida kuwa yawanci a ƙarƙashin rufi yake, inda sai an hau tsani an sunkuya, ko a gareji, ko a ɗakin ɗan da ya girma ya bar gida. Mutum zai yi shekara ashirin yana ginin da bai fi mutum goma suka taɓa gani da ido ba. Akwai waɗanda ake ginawa gunduwa-gunduwa domin a kai baje koli, amma su ne 'yan kaɗan. Saura duk ta hoto suke fita. Mujallar Railway Modeller tana fitowa tun 1949, kuma babban burin mutane da yawa da na sani shi ne a wayi gari a ga aikinsu a shafukanta. Yanzu da waya ta shiga kowane aljihu, ba sai an jira edita ba. Mutum ya gama fentin gada da la'asar, kafin magariba wani a Ostireliya ya gani ya faɗi ra'ayinsa.

Baba ya kai ni ƙungiyarsu. Daren Alhamis suke haɗuwa a wani zaure da suke haya, sau ɗaya a wata kuma a kashe fitila a haska hotunan da kowa ya kawo a bango. A nan na gane cewa ɗaukar irin wannan hoto sana'a ce mai zaman kanta. Mutum yana tsaye ya ɗauki layinsa daga sama, abin da zai fito shi ne kayan wasan yara a kan tebur, domin ba wanda ya saba ganin tasha daga inda shaho yake ganinta. Dole idon kyamara ya sauko inda idon ɗan ƙaramin mutumin da ke kan dandamali yake. A ma'aunin OO wannan bai fi santimita biyu daga ƙasa ba. A lambun Baba kamar santimita takwas. Shi ya sa za ka ga dattijo mai shekara saba'in kwance rubda ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya juya wayarsa kai ƙasa domin gilashin kyamarar ya kusanci ƙarfen dogo.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Idan kyamara ta matso kusa da abu, ɗan siririn yanki ne kawai yake fitowa tas, gaba da baya su dushe. Fuskar jirgin za ta fito, tarago na biyu ya zama hazo, kuma wannan dushewar ce take tona asiri, domin ido ya san cewa ƙananan abubuwa ne suke fitowa haka. Masu tsohuwar hanya suna ƙuntata ƙofar hasken kyamara, su kafa ta a kan ƙafafu uku, su bar ta a buɗe na daƙiƙoƙi. Masu sabuwar hanya suna ɗaukar hoto ashirin ko talatin daga wuri guda, kowanne da inda ya fi fitowa, sannan kwamfuta ta tsince mai kyau daga kowanne ta haɗa. A nan mai lambu ya fi mai ɗaki sa'a. Ranarsa ta gaske ce, inuwarsa ta gaske, tururinsa na gaske, idan ma sanyi ya sauka tururin ya fi kauri. Mai ɗaki sai ya zana sararin sama a allo, ya ɓoye kusurwar bango, ya yi dabarar fitila. Amma mai lambu yana biya ta wata hanyar: ganye ɗaya da ya faɗo a kaka ya kai girman tabarma a ma'auninsa, ƙanƙarar hunturu tana ɗaga layi, dodon koɗi yana kifar da tarago, kyanwar maƙwabta kuma ta ɗauki tsakuwar layin a matsayin makewayinta. Itatuwan da suka ruɗe ni a hoton farko wasu gajerun tsirrai ne da Baba yake aske wa da almakashi, ciyawar gefen layin kuwa ganyen tayim ne, wanda ake sa wa a shinkafa.

Kyamara ba ta da kara. Abin da ido ya yafe, ita sai ta faɗa: ɗigon gam a jikin taga, rata tsakanin gini da ƙasa, ƙura a kan rufi, ɗan mutumin roba da ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa dandamali. Da yawa daga cikinsu suna ɗaukar hoto ne domin su ga kuskurensu kafin wani ya gani. Kuma wani zai gani. Akwai wasu mutane a wannan harka da ake yi wa laƙabin masu ƙirga ƙusa, waɗanda za su dubi hoton da ka kwana uku kana shiryawa su ce wannan launin fenti bai fara aiki ba sai bayan shekara biyu da lokacin da kake kwaikwayo. Da farko na ɗauke su marasa tarbiyya. Daga baya na sassauta, don na lura mafi yawansu tsofaffin ma'aikatan jirgi ne ko 'ya'yansu, kuma abin da suke karewa shi ne yadda abin ya kasance da gaske, a ƙasar da aka rufe dubban mil na layin dogo bayan rahoton Beeching na 1963. Wanda aka rushe tashar garinsu yana yaro ba zai ji daɗi a sa mata taga huɗu alhali uku gare ta ba.

Abin dariyar shi ne ma'aunin da suka fi amfani da shi a kan kuskure aka gina shi. Milimita 16.5 sau 76 bai wuce milimita 1,254 ba, alhali layin Birtaniya na gaske 1,435 ne. Dalili kuwa, jiragen Birtaniya sun fi na Turai da Amurka ƙanƙantar jiki, injinan lantarki na wancan zamani kuma ba su shiga cikinsu a ma'aunin HO ba, sai aka ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Har yau akwai waɗanda ba su yafe ba, suna shimfiɗa nasu layin da hannu a kan milimita 18.2, wasu ma 18.83. Idan aka haska hoton jirgi ta gaba, suna gane bambancin kafin a buɗe baki.

Gardamar da ta fi jan hankalina ita ce ta gaskiyar hoton kansa. Kwamfuta tana iya ƙara hayaƙi a bututun jirgin lantarki, ta goge bangon gareji ta sa gajimare. Wasu suna cewa ai duk harkar ruɗin ido ce tun daga tushe, don haka ba laifi. Baba ba ya yarda ko kaɗan. Ni ina tsakiya, amma na fi karkata gare shi. Ban damu da a sa sararin sama a inda bango yake ba, muddin an faɗa. Goge rata ko miƙe layin da ya karkace kuwa wani abu ne daban, domin wanda yake kallo yana auna hannunsa da naka ne, kuma sabon shiga da ya ga aikin da ba shi da aibi ko ɗaya yakan koma gida ya rufe nasa a kwali.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. John Allen, wani mai sana'ar ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya, ya gina layin da ake kira Gorre & Daphetid a ƙarƙashin gidansa, da tsaunuka tun daga daɓe har sama da kan mutum, da madubai da ya ɓoye domin wuri ya ƙara zurfi. Ya rasu a watan Janairun 1973. Bayan kwana goma gobara ta cinye layin. Abin da duniya ta sani game da shi a yau, kusan duka daga hotunan da ya ɗauka ne. A watan Mayun 2019 kuma wasu matasa suka fasa zauren wata makaranta a garin Stamford da dare, suka farfasa layukan da ƙungiyar Market Deeping ta jera domin baje kolin washegari, aikin shekaru masu yawa. Hotunan ɓarnar ne suka zagaya, ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500, aka tara mata sama da fam 100,000, ciki har da fam 10,000 daga mawaƙin nan Rod Stewart, wanda shi ma ya shafe sama da shekara ashirin yana gina nasa birnin da jiragensa. Wani lokaci ma hoton ne yake riga ginin. Roye England, ɗan Ostireliya da ya kafa gidan tarihin Pendon kusa da Oxford a 1954, ya ga ana sauya tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa, sai ya bi su yana aunawa yana ɗaukar hoto, daga baya aka riƙa gina su ƙanana. Wasu gidajen yanzu a Pendon kaɗai suke da kamanninsu na da.

Labarin Pendon ne ya sa ni ɗaukar wuƙa da kwali. Na ce zan gina wata 'yar tasha da ke tsakanin Zariya da Kano, inda kakana ya yi aiki, a kan allon da bai fi tsawon ƙofa ba. Nan take na ci karo da lissafi. Tsohon layin Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067, kuma ba kantin da ke sayar da kayansa. Wani a ƙungiyar ya nuna mini dabarar mutanen New Zealand, waɗanda layinsu faɗinsa ɗaya da namu: a yi amfani da layin milimita 16.5, a gina komai a ma'aunin ɗaya cikin 64, lissafin ya fito kusan daidai. Taragu da kwali na yi su. Kantunan nan suna sayar da ciyawar roba kore iri-iri, amma ba mai jar ƙasa, sai na daka fasasshiyar tukunyar fure na tankaɗe. Na murɗa waya na yi rimi guda biyu. Wata bakwai na yi.

Na ɗauki hoton a lambu da tsakar rana a watan Yuni, na kai daren Alhamis. Suka yaba, irin yabonsu na a hankali. Wani tsoho da ya taɓa aiki a Afirka ta Gabas ya ce inuwar ta yi tsawo. Gaskiyarsa: a inda muke rana ba ta wuce kusan digiri 60 a sama ko a tsakiyar bazararsu, a Zariya kuwa sau biyu a shekara takan tsaya a tsakar ka, mutum ya taka inuwarsa. Na karɓi gyaran ina jin daɗi, har ina ganin na shiga sahu.

Sannan na tura wa kawuna a gida, wanda a wannan tashar ya yi ƙuruciyarsa. Saƙon murya ya maido mini. "Ɗan nan, ginin ya yi, rimin ma ya yi. Amma wannan tasha ce ko maƙabarta? Ina mutane?" Ya shiga lissafo mini: 'yan mata masu tallar ƙosai da dafaffen ƙwai suna bin tagogi da faranti a ka, mai rake, mai ruwa, buhunan gyaɗa an jibge, akuya ɗaure a jikin turke, fasinjan da ya sauko da butarsa yana sauri ya yi alwala kafin a busa usur. Minti shida yana magana. Ban taɓa jin waɗannan daga bakinsa ba, kuma da ban tura hoton ba, ba na jin zan ji. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, za a gyara." Ya ce in gyara ɗin, kuma in tuna ba a tsayawa a layi a tashar nan.

Na lura daga baya cewa kuskuren ba nawa ba ne ni kaɗai, koyo na yi. Yawancin hotunan da ake haskawa a zauren nan na wuraren da ba kowa ne: dandamali fes, mutum biyu ko uku a tsaye nesa da juna, kare ɗaya. Wani ɓangare na dalilin shi ne mutumin roba ba ya motsi, kuma taron da ya daskare yana tona ƙarya fiye da fili. Wani ɓangaren kuma irin tashar ƙauyen da suke tunawa ke nan, ko suke so su tuna. Ni na kwaikwayi hotunansu har na kwashe mutanen garinmu daga tasharsu ban sani ba.

A hunturun da ya wuce Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa ta zo daga kudu, aka yanke shawarar kai shi gidan kula da tsofaffi, a sayar da gidan. Ba laifinta ba ne. Ba mai sayen gida da zai biya kuɗin layin dogo a lambu. Ƙungiyar ta karɓi kawunan jiragen domin ta sayar masa da su da daraja, kada a yi musu kuɗin kayan wasa. Irin wannan aiki yana yawaita a wurinsu, domin mafi yawansu sun manyanta. A farkon 2024 ma kantin Hattons, wanda ya fara a Liverpool a 1946, ya rufe, kuma ba a yi wata hira a zauren ba sai tasa har tsawon makonni.

Na roƙi 'yar ta ba ni kwana biyu kafin a tayar da layin. Wani abokinsa ya zo ya hura koren jirgin, ni kuma na kwanta a ciyawa na bi layin taku-taku, daga rumfar da jiragen ke kwana, ta kan gadar, ta bayan ɗan tafkin, har ya zagayo. Na wanke guda sittin na sa a littafi na kai masa. Hannunsa na dama ba ya aiki, da na hagu yake buɗawa, maganarsa kuma ta yi nauyi. Ya daɗe a kan wani hoto na kwanar da ke bayan gada, sannan ya sa yatsa a kan ƙarfen waje, inda sanyi ya ɗaga shi kaɗan. Na ce, "Na gani, Baba. Ban goge ba." Ya gyaɗa kai ya buɗe na gaba.

Sababbin masu gidan sun shimfiɗa falalen siminti a wurin. Gadar tana wajena, a gindin shinge, ban san abin da zan yi da ita ba tukuna, don ta fi ƙarfin ma'aunin tashata sau uku. Tashar kuwa tana kan teburin cin abinci, matata tana haƙuri. A ɗaya cikin 64 mutum bai fi milimita 25 ba, kuma mutanen robar da ake sayarwa duk da kwat da malafa suke zuwa, don haka sai na kankare su da wuƙa, in naɗa musu zane da babbar riga da takarda mai laushi da gam. Farantin talla ya ba ni wahala har na gano cewa 'yar da'irar da abin huda takarda yake fitarwa milimita 6 ce, wato faranti mai faɗin kusan santimita 40. Na gama 'yan talla goma sha ɗaya da akuya biyu. Kawu ya ce kada in sake turo masa hoto sai sun kai talatin.